Injin tsohuwar mota: ka gyara da hannunka, ka kai gareji, ko ka sa na Beljiyam?

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, naira kuma ta biyo baya ta faɗi, mutane da yawa da suka yi niyyar sauya mota sun haƙura sun rungumi tsohuwar da ke hannunsu. Golf 3, wadda aka fara ƙerawa tun 1991, tana nan tana jigilar fasinja tsakanin garuruwa. Fijo 406 na nan, Camry mai siririyar fitila na nan, har 504 ɗin da aka yi shekara da shekaru ana haɗawa a Kaduna ba ta ƙare a kan titi ba. Duk mai riƙe da ɗaya daga cikinsu ya san akwai ranar da inji zai fara shan baƙin mai, ko ya riƙa zafi a cunkoso, ko a ji wata ƙwanƙwasa daga ƙasa da ba a saba ji ba. A ranar hanya uku ce a gabanka: ka naɗe hannun riga ka taɓa da kanka, ka kai wa bakanike ya sauke ya gyara, ko ka nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka sayo injin Beljiyam, wato tsohon injin da aka shigo da shi daga waje, a ɗora.

Ni a ganina babu ɗaya daga cikin ukun da ta dace da kowane aiki. Abin da ke raba aikin da mai mota zai iya da wanda ba zai iya ba shi ne awo. Aikin da ido da hannu da natsuwa suka isa a yi shi, naka ne. Aikin da sai an auna tazarar da ba ta kai kaurin gashin kai ba, na mai kayan awo ne, kai ne ko wani. Kuma kafin ka zaɓi ko wace hanya, akwai aiki guda da bai kamata ka bar wa kowa ba, wato gano ainihin ciwon.

Zan daɗe a kan wannan, don a nan ake asarar kuɗi mafi yawa. Mota na hayaƙi, ka kai gareji, a tayar da ita, a taka totur sau biyu, a leƙa salansa, sai ka ji: "Alhaji, ringi ne, sai an sauke inji." Wataƙila gaskiya ne. Amma shuɗin hayaƙi yana da sanadi fiye da ɗaya. In da sassafe kawai take yinsa, da zarar ta ɗumama ya ɗauke, galibi robobin da ke wuyan bawul ne suka bushe, mai ke silalowa cikin dare. Wannan aikin saman inji ne, ringi, wato zoben da ke jikin fistin, bai da laifi. In kuwa hayaƙin na ƙaruwa duk lokacin da ka ba ta wuta a hawan tudu, to zargi ya koma kan ringi. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, tare da ruwan lagireto da ke raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, alamar gasket ɗin top ce, wato abin da ke like tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa: kabureto, ko nozul, ko wata sensa, ko ma matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe.

Akwai ɗan ma'aunin matsi, agogo ne da tiyo, ana ɗaura shi a ramin fulogi. Kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sauke inji ba. Ka bari inji ya ɗumama, ka kashe, ka cire fulogi duka huɗu, ka zare fis ɗin famfon fetur, ka cire wayar kwayil don kada wuta ta tashi, wani ya danne totur har ƙasa ya murza makulli inji ya juya sau biyar ko shida, kai kuma ka karanta ka rubuta. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da matsi wajen 10 zuwa 13 a ma'aunin bar, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne silinda huɗun su yi kusa da juna. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100. A ce ka sami 11, 6, 6, 11. Biyun tsakiya da ke maƙwabtaka sun faɗi tare, kusan tabbas gasket ce ta ƙone a tsakaninsu. A ce kuma ɗaya ce kawai ta faɗi. Sai ka zuba mata cokali guda na baƙin mai ta ramin fulogin ka sake aunawa. In allurar ta hau sosai, ringi ne, don man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Cikin rabin sa'a ka san ko maganar top kawai ake yi ko ta inji gaba ɗaya, kuma in ka shiga gareji da wannan takardar a hannu, hirar da za a yi da kai daban ce.

Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar karanta kwamfutar mota. Akwai ƙarama mai haɗuwa da waya. In ta nuna P0302, silinda ta biyu ce ba ta cin wuta daidai. Sai ka musanya kwayil ɗinta ko fuloginta da na ta uku, ka ga ko lambar za ta koma P0303. In ta bi shi, ka kama mai laifi ba tare da ka sayi komai ba. Sai dai lambar tana nuna inda ake kuka ne kawai, ba kullum take faɗin abin da za a canja ba. Mai 504 da mai tsohuwar Golf mai kabureto ba su da wannan gata, kunne da launin fulogi ne na'urarsu.

To, ayyukan da ke wajen inji. Juyen baƙin mai da filtarsa, fulogi, matatar iska, fanbel, tiyon ruwa, murfin lagireto, tamostat, gasket ɗin murfin bawul da ke yoyo, wanke bakin totur. Waɗannan duka ina goyon bayan ka koya ka riƙa yi da kanka, kuma ba don kuɗin aiki ba, wanda a nan bai taka kara ya karya ba. Ribar ita ce kai ka sayo kayan, ka san abin da ya shiga motarka. Jabun baƙin mai da jabun filta sun cika kasuwa, kuma mutumin da aka aika da kuɗi a hannu yana da dalilin neman mai araha. Sannan kai ne za ka tsaya ka karanta abin da kamfani ya ce. Mai kauri irin 20W-50 ya dace da 504, amma Corolla mai injin 1ZZ an yi ta ne don 5W-30, hanyoyin manta ƙanana ne, kuma da matsin man ake sarrafa lokacin buɗewar bawul. Ɗura mata mai kauri "don zafin Arewa" ba gata ba ne.

Maganar tamostat na ci mini tuwo a ƙwarya. Da wuya motar da ta shigo ƙasar nan ta shekara ba a cire mata shi ba, a kuma ɗaure fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayarwa har kashewa. Hujjar ita ce wai na ƙasar sanyi ne. Alhali aikinsa shi ne ya sa inji ya kai zafin da aka tsara masa, wajen digiri 80 zuwa 90, ya kuma tsaya a nan. Injin da ke aiki a sanyaye kwamfutarsa na ci gaba da ba shi fetur mai yawa, fetur ɗin na wanke man jikin silinda, ringi na cinyewa da wuri. In mota na zafi, a nemi dalili: lagireto ya toshe da gishirin ruwan rijiya, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ba ta tashi, ko murfin lagireto ya daina riƙe matsi. Wannan ɗan murfin da ake rainawa shi ke ɗaga zafin tafasar ruwa zuwa wajen digiri 120. Mai gyara da kansa yana da lokacin bin waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Bakanike mai motoci shida a layi ba shi da shi, sai ya ɗauki gajeriyar hanya.

Daga nan sai ayyukan tsakiya, kuma a nan irin motarka ce ke yanke hukunci. Ɗauki tayimin bel, wanda ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. Akan canja shi tsakanin kilomita 60,000 zuwa 100,000 gwargwadon mota, ko bayan shekara huɗu zuwa biyar ko da ba a yi tafiyar ba, don roba na tsufa a tsaye. A Camry mai injin 5S, ta 1997 zuwa 2001, ko bel ya tsinke ko ka kuskure alamar saitinsa, fistin ba ya kai wa bawul. Motar za ta ƙi tashi ne ko ta yi rauni, ka buɗe ka gyara. Wannan mota ce ta koyo. Amma 406 mai bawul 16 da Honda Accord ta 1998 zuwa 2002 ba sa yafiya: kuskure mai yawa a alama, fistin ya daki bawul ya lanƙwasa, aikin yini guda ya zama na sauke top. In za ka yi da kanka a irin waɗannan, ka sa fenti a kan alamomin kafin ka cire tsohon bel, ka ɗauki hoto, bayan ka ɗora sabo kuma ka juya inji da sifana zagaye biyu cikakku ka ga alamomin sun dawo daidai kafin ka taɓa makulli. In ka ji ya cije, ka tsaya. Kuma tun da an riga an buɗe, a canja famfon ruwa da abin ɗame bel ɗin gaba ɗaya. 504 da Corolla mai 1ZZ sarƙa gare su, wannan damuwar ba tasu ba ce.

Gasket ɗin top ita ce iyakar da nake ganin mai himma zai iya kaiwa a gida, da sharaɗi biyu. Na farko, a kai top ɗin wurin masu injin wasa ƙarfe su ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe su auna. Top ɗin alminiyam da ya sha zafi yakan lanƙwashe, kuma abin da kamfanoni suka yarda da shi bai wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba. Ido ba ya ganin wannan. Ka ɗora sabuwar gasket a kan karkataccen top, ba za a jima ba ka sake buɗewa. Na biyu, sifana mai awo. Notinan top ana ɗaure su ne bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe, mataki mataki. A Golf 3 mai bawul 8, zagayen farko Nm 40 ne (Nm shi ne awon ƙarfin ɗauri da sifanar ke nunawa), na biyu Nm 60, sannan a ƙara kwata zagaye sau biyu. Irin waɗannan notinan miƙewa suke yi in an ɗaure su, shi ya sa ake so a sa sababbi. Abin da aka saba gani kuwa shi ne a zura dogon bututu a hannun sifana, yaro ya ja har sai oga ya ce ya isa. Wani lokaci a dace. A Camry ta 2002 zuwa 2006 mai injin 2AZ, wadda aka san zaren ramukan notinta na zamewa a cikin bulok ɗin alminiyam, irin wannan ɗaurin na iya kashe bulok ɗin ɗungurungum. Don haka ko gareji za ka kai, sayen sifana mai awo ka tafi da ita, tare da lambobin ɗaurin a rubuce, ya fi maka komai amfani.

Sai can ciki: ringi, fistin, kuranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, da metal, wato ɓawon ƙarfen da kuranshaf ke juyawa a cikinsa. In fitilar mai na ƙiftawa a silo bayan inji ya yi zafi, ga kuma ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa, metal ya tafi, kuma kowace tafiya da ka ƙara tana cin kuranshaf. Tazarar da ke tsakanin metal da kuranshaf wajen milimita 0.02 zuwa 0.05 ce. Sai an auna kuranshaf, in ya ci a wasa shi zuwa 010 ko 020, wato a rage milimita 0.25 ko 0.50, a sayo metal daidai da wannan lambar. Silinda ma sai an auna. In ta buɗe ko ta zama ƙwai, sabon ringi a cikinta asarar kuɗi ne. Bayan wannan ga tsabta. Ƙwayar yashi ɗaya a hanyar mai ta isa ta karce sabon metal, mu kuwa ga iskar da muke da ita daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wanda ba shi da ɗaki mai ƙofa, da tebur, da abin ɗaga inji, bai kamata aikinsa na farko ya zama wannan ba.

504 ce kawai zan ware. Injinta an yi shi ne don a gyara. Silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke kai da kawowa a ciki, zarewa ake yi, ana sayar da silif da fistin da ringi a haɗe, ba sai an kai bulok an rarake ba. Ga fili a ƙarƙashin bonet, babu kwamfuta, bawul da sifana da ɗan ma'aunin tazara ake saita su. Tarkonta guda ne, kuma ya kama mutane da yawa: in ka cire top, kada ka juya inji sai ka danne silif ɗin da noti da faffaɗan wasa. In suka ɗaga ko kaɗan, abin da ya like gindinsu ya saki, ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin baƙin mai.

Ga sauran motocin, in ciwo ya kai ciki, zaɓin gaskiya tsakanin gyaran gareji ne da injin Beljiyam. Abin da ke jan mutane zuwa Beljiyam a fili yake. Injin kamfani ne ya haɗa shi, ba a taɓa buɗe shi ba in an yi sa'a, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu mota ta koma titi. Ga Corolla ko Golf, waɗanda injinansu suka yi yawa a kasuwa, sau da yawa in ka haɗa kuɗin fistin da ringi da metal da gasket da wasa kuranshaf da ladan aiki, za ka ga sun tasam ma kuɗin injin. Ga kuma fargabar jabun ringi, wanda ke mayar da kai gidan jiya cikin 'yan watanni. Amma kada a manta, injin da ake kira Beljiyam sa'ar motarka ne a shekaru, ba ka san tafiyar da ya yi ba, kuma akwai waɗanda a nan gida aka cire su aka wanke da fetur aka jera. Garantin da ake bayarwa na 'yan kwanaki ne, ladan ɗorawa da saukewa kuma a kanka yake in bai yi ba.

In za ka saya, je da kanka da fitila da sifanar fulogi. Buɗe murfin zuba mai ka haska: ƙarfe mai launin zuma alama ce mai kyau, baƙin dasƙararren laka kuwa ka wuce. Cire fulogi huɗun ka jera su, launinsu ya zo ɗaya. Mayar da su ka ɗaure, sannan ka sa sifana a kan fulin kuranshaf ka juya, ka ji yana tauri yana saki sau huɗu a zagaye biyu. Dubi gefen top da kaskon mai na ƙasa: sabon gam da ya tsattsafo, ko kan noti da ya sha sifana, na nufin wani ya riga ka shiga. Inji mai tsabta fiye da kima abin tambaya ne. Tabbatar lambar injin irin taka ce, don Golf 3 kaɗai tana da injina iri iri masu wayoyi da kwamfuta daban, kuma inji mai araha da zai sa rewaya ya yayyanka wayoyin motarka ya fi mai tsada tsada. Kafin a ɗora, a sa masa sabon tayimin bel da famfon ruwa da tamostat da robar bayan kuranshaf, tun yana ƙasa inda hannu ke kaiwa. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji, ka kuma gyara takardun mota su dace da ita.

Gyaran gareji ya fi dacewa idan ka san tarihin injinka, bai taɓa bugawa ba, awo ya nuna abu guda ne ya lalace, ko kuwa motar irin wadda injinta mai kyau ya yi wuya a kasuwa ce. Kuma ina so a yi wa kanikawa adalci. Mutumin da ya shekara ashirin yana buɗe injin Fijo yana jin abin da littafi ba zai koya maka ba; ya san notin da ke karyewa, ya san mai wasa kuranshaf na kirki a gari, yana da abin ɗaga inji da yaran da za su kama. Abin da yawanci ke rasawa kayan awo ne da lokaci, sai kuma mai mota da ke matsa masa a kan farashi har ya koma wa kayan banza. Nemi wanda ya ƙware a irin motarka kawai. Ku yi maganar ladan aiki daban, kaya daban. Ku je kasuwa tare ko ka sayo da kanka. Ka ce a ajiye maka duk abin da aka cire. Ranar haɗawa ka zo ka zauna, da ladabi, ba don tsaro ba; in ka ce "Oga, don Allah mu gwada da wannan sifanar," kaɗan ne za su ƙi.

Akwai wanda zan ce masa ya bar gyaran gida in ya wuce juyen mai da fulogi: mutumin da motar ce abincinsa. Aikin da gareji zai gama a yini biyu, mai koyo zai iya kwashe mako biyu a kansa, noti ɗaya ya karye ya tsayar da komai. Direban haya ba zai iya wannan jiran ba. Ma'aikacin da ke da babur na zuwa ofis, da ranakun Asabar a hannunsa, shi ne zai ci ribar kayan aikin da ya saya, don su sau ɗaya ake sayensu.

Wanda ya zaɓi taɓawa da kansa, kada ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa mata ƙafafun ƙarfe ko kututture mai ƙarfi, a tare tayoyi. A cire kan batir na nagatif kafin a fara. Ba a buɗe lagireto da zafi, ba a tayar da inji a rufaffen ɗaki, ba a zuƙo fetur da baki. Tsohon baƙin mai a tara shi a jarka, kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya.

In an yi sabon ringi da metal, kilomita 1,000 na farko a bi a hankali: ban da lodi mai nauyi, ban da gudu ɗaya na tsawon sa'o'i, ban da barin ta a silo ta daɗe. Daga nan a juye mai da filta, don ɓarɓashin ƙarfen da sababbin kaya suka zubar ya fita. Mai 504 ya ƙara da sake ɗaure notinan top da saita bawul, inji na sanyi. Injin Beljiyam kuwa a juye masa mai tun ranar da aka ɗora shi, a kuma sa ido a kan sandar awon mai da ruwan lagireto kowace safiya kafin kwanakin garantin su cika.